"Nawa Ne Kuɗin Kawowa?" Yadda Nake Yanke Kuɗin Aike A Ɗan Shagona Na Intanet

Yau ba maganar sabuwar manhaja ko saitin waya na zo da ita ba, kodayake wayar za ta shigo ciki daga baya. Maganar kuɗin aike ce, wato abin da mai sayar da kaya a WhatsApp ko Instagram ko Facebook yake karɓa domin kaya su isa hannun mai su. Wasu suna ce masa kuɗin webil, wasu kuɗin mota, duk abu ɗaya ne.

Duk mai wannan sana'a ya san inda ciniki ya fi mutuwa. Mutum zai ga atamfa a sitatus, ta burge shi, ya tambayi kuɗi, a ɗan yi tayi, a daidaita. Sai ya ce, "To nawa ne kuɗin kawowa Bauchi?" A nan ake samun matsala. Wani mai kayan zai ce bari ya tambayi direba, ya ɓace awa uku. Wani zai jefo adadi da ka, gwargwadon yadda ya ga hoton kwastoman a furofayil. Wani kuma saboda tsoron kada ciniki ya kuɓuce, sai ya faɗi kuɗi kaɗan, daga baya ya cika da aljihunsa, ko ya dawo yana cewa a ƙaro. Duka ukun suna kashe kasuwa: na farko ya rasa kwastoma, na biyu ya rasa amana, na uku ya rasa riba.

Ni a Kano nake. Ina saro atamfa da shadda da mayafai a Kantin Kwari, wani lokaci in haɗa da kuloli da 'yan kayan kicin. Ba ni da shago na bulo da siminti, shagon nawa waya ce da wani lungu a ɗaki. Yawancin masu sayen kayana ban taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da na fahimta a wannan harka shi ne, kwastoma bai cika tsoron tsadar kuɗin aike ba kamar yadda yake tsoron bazata. Idan ka ce masa dubu huɗu tun farko, zai yi lissafinsa ya biya ko ya haƙura. Idan ka ce masa dubu biyu, daga baya ta koma dubu uku da ɗari biyar, to ko ya biya ba zai dawo ba. Saboda haka kuɗin aike farashi ne kamar farashin kaya: a lissafa shi, a rubuta shi, a faɗe shi tun kafin a tambaya.

ABIN DA KE CIKIN KUƊIN AIKE

Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin aike shi ne abin da direba ya karɓa a tasha. Wannan ɓangare ɗaya ne kawai. Ka bi kayan da idonka tun daga ɗakinka. Sai an sa su a leda, a ƙara wata ledar saboda ƙura da ruwa, a naɗe da salatif, a rubuta suna da maka. Sai ka hau adaidaita zuwa tasha, ka kuma dawo. A tasha wataƙila akwai ɗan abin da ake biya a teburin 'yan ƙungiya kafin a rubuta kayan. Sai kiran waya: ka kira direba, ka kira kwastoma, ka sake kiran direba. Sai cajin banki, har da Naira 50 ɗin nan da ake cirewa a kan transfa ta Naira 10,000 zuwa sama. Sannan akwai abin da kusan kowa yake mantawa da shi: wata rana kaya za su ɓata ko su lalace, kuma kai za a nema.

Bari mu yi misali. Waɗannan alƙaluma na misali ne, kowa ya sa na garinsu da na lokacinsa. A ce turmin atamfa ɗaya za ka aika. Direba ya karɓi 3,000. Adaidaita zuwa da dawowa 2,000. Leda da salatif 300. Kiran waya 100. Cajin banki 50. Abin da ka ware saboda asara 150. Jimla 5,600. To a ce ribarka a turmin 2,500 ce, kuma ka ce wa kwastoma kuɗin aike 3,000 saboda shi direba ya karɓa. Ragowar 2,600 daga ina za ta fito? Daga ribar. Ka ga ke nan ka je kasuwa, ka sha rana, ka ɗauki hoto, ka ƙona data, ka je tasha, ƙarshe kai ne ka cika Naira 100. Alat yana ta shigowa, waya tana ta ƙara, amma jari ba ya motsi. Akwai 'yan uwa mata da yawa da suke sana'a daga gida da wannan yake cinye su, musamman da yake su sai sun ƙara da sallamar yaron da zai kai kayan tasha.

Maganin wannan ba lafta wa kwastoma 5,600 ba ne. Maganin shi ne rage abin da za a iya ragewa, kuma babban abin ragewa shi ne zirga-zirgar tasha. Ni ranaku biyu nake aike a mako, Litinin da Alhamis, kuma na rubuta haka a furofayil. Idan ƙunshi biyar na ɗauka a tafiya ɗaya, kuɗin adaidaitan nan na 2,000 ya rabu biyar, kowane ƙunshi 400. Sai lissafin ya koma 3,000 da 400 da 300 da 100 da 50 da 150, wato 4,000 cif. Wannan shi ne kuɗin aiken gaskiya na wannan hanyar. Wanda yake gaggawa, ba zai iya jiran Alhamis ba, babu laifi, sai in gaya masa aiken gaggawa yana da nasa kuɗin, domin saboda shi kaɗai zan fita.

RABA GARURUWA SHIYYA-SHIYYA

Najeriya tana da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Babu mai iya riƙe farashin kowane gari a ka. Abin da na yi shi ne na raba su shiyya biyar, kowace shiyya da kuɗinta guda.

Ta farko cikin garin Kano, ita ma na raba ta biyu, kusa da nesa, domin kai kaya Fagge ko Gwammaja ba ɗaya ba ne da kai su Mariri ko Janguza. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar kowa, sai kuma masu mashin da aikinsu kai saƙo ne zalla. Ta biyu jihohin da suka yi iyaka da mu: Jigawa, Katsina, Kaduna, Bauchi. Ta uku Abuja da sauran manyan biranen Arewa irin su Sakkwato, Jos, Gombe, Yola, Maiduguri. Ta huɗu Kudu: Legas, Ibadan, Fatakwal, Onica da makamantansu. Ta biyar ƙetare, ita kuma ba ta da tsayayyen kuɗi, zan zo kanta.

Amma a kula, nisa ba shi kaɗai ke yanke farashi ba. Yawan motocin da ke bin hanyar ya fi nisa tasiri. Abuja ta haura kilomita 400 daga Kano, amma mota ba ta yankewa, tun asuba ake lodi, saboda haka aike can yana da sauƙi. Wani ƙauyen kuma bai kai rabin wannan nisa ba, amma sai ranar kasuwarsu ake samun mota, ko sai an sauke kayan a babban gari an sake sa wa wata motar. Duk inda kaya za su hau mota biyu, kuɗi biyu ne, haɗarin ɓata ma biyu ne. Shi ya sa a ƙasan jadawalina na rubuta cewa wannan farashi na manyan birane ne. Wanda yake wuri irin Gembu, can saman tsaunin Mambila, ko dai ya ba ni wanda zai karɓar masa a Jalingo, ko mu yi lissafi na musamman.

Ta yaya na samu alƙaluman? Da ƙafa. Na ware yini guda na zaga, na je Unguwa Uku, na je Kano Line, na je wajen manyan motocin Kudu a Sabon Gari, ina riƙe da ƙunshi ɗaya na gwaji ina tambaya, "Oga, wannan zuwa wuri kaza nawa?" Kowace hanya na tambayi mutum biyu ko uku, na ɗauki na tsakiya. Ban ɗauki mafi araha ba, domin ba kullum zan same shi ba, kuma araha ba ta ado. Na kamfanoni kuma ba sai ka taka ba. GIG Logistics suna da manhajar GIGGo da za ka sa gari da nauyi ta ba ka kuɗi, DHL ma suna da wurin lissafi a shafinsu, NIPOST kuma ofishinsu yana nan a kowace jiha.

NAUYI DABAN, GIRMA DABAN

Direban tasha da ido yake yanke kuɗi. Zai ɗaga kayan ya jijjiga, ya dubi wurin da za su ci a but, ya faɗi nasa. Kamfani kuwa da sikeli da tef yake aiki, kuma a nan ne sababbin 'yan kasuwa suke shan mamaki. Kamfanonin aike suna duba abu biyu, nauyin sikeli da nauyin girma, sai su caje ka da wanda ya fi yawa.

Ga yadda ake fitar da nauyin girma a tsarin da DHL da wasu kamfanoni da dama suke bi: ka auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, ka ninka su, ka raba da 5,000. A ce kwalin kuloli ne mai tsawo 50, faɗi 40, tsayi 30. Idan ka ninka, 60,000 ke nan. Raba da 5,000, ya ba ka 12. To ko da a sikeli kilo 4 ne, kuɗin kilo 12 za ka biya, domin wurin kilo 12 ya cinye a mota ko jirgi. Masu sayar da filo, kuloli, akwatuna, huluna da takalma a kwalinsu, wannan lissafi naku ne. Wasu kamfanonin suna da lambar rabawa daban, saboda haka ka tambaya kafin ka rubuta farashi.

Abubuwa biyu suka sauƙaƙa min wannan: ƙaramin sikelin rataye irin na matafiya, da tef ɗin tela. Duk kayan da nake sayarwa na auna su sau ɗaya na rubuta. Daga nan na raba ƙunshi gida uku, ƙarami, matsakaici, babba. Ƙarami turmi ɗaya zuwa biyu, matsakaici uku zuwa shida, babba abin da ya wuce haka ko duk abin da yake cikin kwali. Shiyya huɗu masu tsayayyen kuɗi, girma uku, jadawalin gaba ɗaya bai cika fuskar waya ba.

KUƊIN NAN HAR INA YA KAI?

Rabin rigimar da ake yi a kan aike ba a kan adadi ba ne, a kan wannan tambayar ce. Kai a ranka "Kaduna" tana nufin tashar Kawo. Ita Hajiya a ranta "Kaduna" tana nufin ƙofar gidanta a Barnawa. Ku biyun babu maƙaryaci, ba a dai yi bayani ba ne. Saboda haka kowane layi a jadawalina yana faɗin inda kuɗin ya tsaya: karɓa a tasha, karɓa a ofishin kamfani, ko har gida. Har gida ya fi tsada, kuma sai an turo min lokeshan ta WhatsApp, domin "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi" ba ya kai mai mashin ko'ina sai ƙona mai.

Sai maganar biya sau biyu. Yana faruwa a sallami direba a nan, ya isa can ya ce wa mai karɓa ba a biya shi ba. Ba duka direbobi ba, yawancinsu mutanen kirki ne, da su muke cin abinci, amma bara-gurbi ba ya ƙarewa. Ni a jikin kowane ƙunshi nake rubuta AN BIYA KUƊIN MOTA da manyan baƙaƙe. In ɗauki hoton ƙunshin, in ɗauki lambar motar, in karɓi lambar wayar direba, in tura wa kwastoma duka a saƙo ɗaya, tare da lokacin da motar ta tashi. Ina kuma gaya masa ya riƙe wayarsa a kunne, domin idan direba ya kira bai samu ba ya bar kayan a ofishin tasha, ana iya neman kuɗin ajiya, wannan kuma ba ya cikin lissafina.

"AI DIREBA YA CE DUBU UKU KA BA SHI"

Ga wani abu da duk mai bin wannan tsari zai haɗu da shi. Kwastoma yana iya tambayar direba nawa aka biya shi, kuma direba zai faɗa. Wata baiwar Allah a Gombe ta taɓa kirana bayan ta karɓi kayanta, muryarta a sama. "Malam, ai direba ya ce dubu uku ka ba shi, ni kuma dubu huɗu ka karɓa." Na ce, "Gaskiya ya faɗa Hajiya. Don Allah ki koma saƙon da na turo miki kafin ki biya." A saƙon an rubuta: kuɗin ƙunshi da kaiwa tasha da mota, 4,000. Ta yi shiru, ta ce, "Au, to na gani. Allah ya ba da kasuwa."

Da a ce "kuɗin mota" kawai na rubuta, da tana da gaskiya ta ce an cuce ta. Sunan da ka ba wa kuɗin dole ya dace da abin da ke cikinsa. Kuma a nan zan ja hankalin 'yan uwa: kuɗin aike ba wurin ɓoye riba ba ne. Akwai masu karya farashin kaya don su ja mutane, sai su rama a kuɗin aike. Dabarar tana ci sau ɗaya. Mutanen yanzu suna da waya, suna da 'yan uwa a tasha, suna da guruf-guruf da ake tura hoton hira. Ribarka ta zauna a kan kaya, inda kowa ya san ana cin riba. Kuɗin aike ya rufe kansa kawai, kada ya ci ribarka, kada kuma ya zama riba. Idan aka samu rarar kirki, misali mutum biyu a gari ɗaya na haɗa musu ƙunshi, nakan mayar wa kowa nasa canjin. Naira 500 da ka mayar ba tare da an tambaya ba ta fi tallan mako guda aiki.

MAGANAR "KAWOWA KYAUTA"

Babu direban da yake tuƙi kyauta, babu gidan man da yake ba da fetur kyauta. Duk inda ka ga an rubuta kawowa kyauta, wani ne ya biya: ko mai kaya daga ribarsa, ko kwastoma a cikin farashi. Idan ka zuba kuɗin aike a cikin farashin kowane kaya, to maƙwabcinka na Kurna da zai zo ya karɓa da ƙafarsa yana biya wa mutumin Legas kuɗin mota, kuma da ya leƙa kasuwa zai ga kayanka sun fi tsada.

Inda kyauta take aiki shi ne idan an sa mata sharaɗi. Aika turmi huɗu bai ninka kuɗin aika turmi ɗaya sau huɗu ba, sau da yawa ɗan ƙari ne kaɗan. A misalinmu na ɗazu, turmi huɗu ribarsu 10,000. Idan aikensu ya ci 4,500, ka yafe shi, saura 5,500, wadda ta fi 2,500 ta turmi ɗaya nesa ba kusa ba. Saboda haka ni nakan ce, wanda ya sayi turmi huɗu zuwa sama, aike zuwa shiyya ta biyu da ta uku a kaina. Sai ka ga mace ta kira ƙawayenta sun haɗa oda. Amma kafin ka sa irin wannan sharaɗi, ka yi lissafin da alƙalumanka, kada ka kwaikwayi manyan kamfanoni masu motocin kansu.

IDAN KAYA SUKA ƁATA FA?

Wasu suna cewa sai kaya sun iso za su biya. Ina fahimtarsu, an damfari mutane da yawa a intanet. Amma ni ma ina da nawa tsoron: kaya su je, mutum ya kashe waya, in biya kuɗin zuwa in biya na dawowa. Matsayar da na tsaya a kai ita ce, a cikin gari ana iya biyan kuɗin kaya a hannun mai kawowa, amma kuɗin aike sai ya shigo kafin ya tashi. Wajen gari kuwa, sabon kwastoma yana biya duka. Dawo da kaya ma a rubuce yake: idan ba abin da aka zaɓa aka gani ba, ko akwai aibi a jiki, zuwa da dawowa a kaina, idan ra'ayi ne ya canja, a kan mai saye.

Ɗan kuɗin asarar nan da na ambata, 150 a kowane ƙunshi, ba na barinsa cikin kuɗin kasuwa. Asusu daban na buɗe masa a waya, duk ranar aike in tura. An yi watanni ban taɓa shi ba. Sai wata rana na aika kayan lefe, ƙunshi biyu, biki saura kwana tara. Motar ta lalace a hanya, direban ya juye kaya a wata motar, ƙunshi ɗaya ya isa, ɗaya ya yi ɓatan dabo. Na yi sintiri a tasha kwana biyu, kowa yana cewa a yi haƙuri ana bincike. Yayar angon tana kirana tana kuka, domin ita aka damƙa wa kuɗin. A rana ta uku na koma Kwari na sake saro irin kayan, biyu daga ciki ma ba a samu kalar ba sai da muka zaɓi wasu ta bidiyo, na aika ta kamfani mai ba da rasit da lambar bibiya. Abin da ke asusun bai rufe duka ba, amma ya ɗauke fiye da rabi, jarina bai karye ba. Har yau ƙunshin bai fito ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: tunda ka karɓi kuɗin aike, kayan amanarka ne har su shiga hannun mai su. Kaya masu tsada kuwa, gara a bi da su ta inda ake ba da rasit, a faɗi ainihin darajarsu a rubuta, ko da kuɗin ya fi na tasha.

MASU SAYE DAGA ƘETARE

Ina samun masu saye daga Maraɗi da Damagaram, jefi-jefi daga Yamai. A nan ba na sa tsayayyen kuɗi, saboda abu uku suna motsi: canjin Naira da Sefa, abin da ake biya a kan iyaka, da ita kanta iyakar. Kowa ya tuna bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi a lokacin ya ga tashin hankali. Saboda haka duk odar ƙetare sai na tambayi masu bin hanyar Jibiya ko Kwangwalam a ranar, in ba da farashin da zai yi aiki na kwana biyu kacal, kuma in faɗa a fili cewa idan kwastan suka nemi wani abu, a kan mai kaya yake.

YADDA ZA KA SA WAYARKA TA RIƘE MAKA

To yanzu ga aikin waya. Ka sauke Google Sheets, kyauta ce. A layin farko ka jera kanun: gari, direba, adaidaita, ƙunshi, kira, caji, asara, jimla. Kowace shiyya ta samu layinta. A gidan jimla ka rubuta =SUM(B2:G2), sai ta tara maka da kanta. Amfanin wannan shi ne, ranar da direba ya ƙara kuɗi, gida ɗaya za ka canja, jimla ta gyara kanta.

Sai ka koma WhatsApp Business. A cikin kayan aikin kasuwanci akwai wurin amsoshin gaggawa, a waya za ka ga an rubuta Quick replies. Ka rubuta jadawalinka a nan gaba ɗaya, da ranakun aike, da inda kuɗin ya tsaya, ka ba shi gajeren suna kamar aike. Daga ranar, duk wanda ya tambayi kuɗin kawowa, alamar / kawai za ka danna ka zaɓi aike, amsa ta tafi cikin daƙiƙa biyu. Ka kuma mayar da jadawalin hoto, ko da Canva ne, ka riƙa sa shi a sitatus duk mako, ka ajiye shi a katalog kamar sauran kaya, a Instagram kuma ka maƙala shi a saman shafi. Kafin kowa ya tura kuɗi, ka aika masa saƙo ɗaya mai layi uku: kuɗin kaya, kuɗin ƙunshi da aike, jimla. Wannan saƙon shi ne shaidarka, shi ne kuma tasa.

Abu na ƙarshe, ka sa kwanan wata a jikin jadawalin. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Duk jadawalin da aka rubuta kafin nan ya zama tarihi. Ko ba a ƙara kuɗin mai ba, gab da Sallah da ƙarshen shekara motoci suna cika, direba ya fi son fasinja da kayansa a kan saƙo, farashi ya hau. Ni farkon kowane wata nake duba nawa. Idan zan ƙara, nakan sanar a sitatus kwana uku kafin ya fara aiki, kuma duk wanda ya riga ya biya, a tsohon farashi kayansa za su tafi, ko da ni zan cika.

Wanda bai taɓa yin wannan lissafi ba, ga inda zai fara a daren nan. Ka buɗe hirarrakinka, ka ɗauko aike goma na ƙarshe da ka yi. Kowanne ka rubuta abin da ka karɓa a matsayin kuɗin aike, a gefe kuma abin da ya fita daga hannunka tun daga leda har kiran ƙarshe. Ka tara kowane ɓangare, ka cire. Abin da ya fito shi zai gaya maka ko jadawalinka na farko zai hau ne ko zai sauka. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kayan kowa lafiya.